Kafin a zana maɓalli, a nemi izinin mai dannawa

Ɗalibin da ya yi rajistar kwas ɗin mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta a matakin digiri na biyu yakan shigo da tunanin cewa makon farko za a buɗe masa manhajar zane, ko a ce ya fara rubuta kod. A Jami'ar Georgia Tech da ke Atlanta a Amurka, inda David Joyner ya tsara wannan kwas mai lamba CS6750 ga masu karatu ta intanet, ɗaya daga cikin abubuwan da ake fara ɗora wa ɗalibi shi ne horo kan ɗa'ar yin bincike a kan mutane. Sai ya gama ya nuna shaida, sannan ya fita ya yi wa jama'a tambayoyi. Kwas ne a sashen kimiyyar kwamfuta, amma mutum na iya kammala shi da samfurin da ya zana a takarda.

Na sha jin masu ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni ina ganin waɗannan ƙa'idoji su ne zuciyar kwas ɗin, kuma in da laifinsu, to bai wuce na rashin isasshen tsanani a wuri guda ba. Zan zo kansa.

Fannin nan ya samo asali ne daga ɓarnar da ake yi idan mai ƙira ya ɗauka kowa irinsa ne. A 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, wata fitila a ɗakin sarrafawa ta sa ma'aikata sun yarda cewa wani bawul ya rufe. Ashe abin da fitilar ke nunawa shi ne an aika wa bawul ɗin umarnin rufewa, shi kuwa ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta tsiyaya fiye da awa biyu. Ma'aikatan sun karanta fitilar yadda duk mai hankali zai karanta ta. Wanda ya tsara allon ne bai taɓa tsayawa a inda suke tsaye ba. Saboda haka kwas irin wannan yake tilasta wa ɗalibi bin zagaye guda: ya gano buƙatar mutane, ya fito da hanyoyi daban-daban, ya yi samfuri, ya gwada a hannun mutane, ya koma farko. Maki kuma yana kan hujjar kowane mataki, ba a kan ƙyallin abin da aka miƙa a ƙarshe ba.

Batun izini fa? Wani zai ce ai hira ce kawai kan yadda mutum ke amfani da wayarsa, ba allura za a yi masa ba. Gaskiya ne. Amma a allon wayar nan akwai ragowar kuɗin asusunsa, da saƙon matarsa, da hoton takardar asibiti. Kuma tarihi ya nuna masu fasaha na saurin mantawa da cewa mutane ne a bayan lambobi. A Janairun 2012, Facebook ya shafe mako guda yana sauya irin labaran da mutum 689,003 ke gani, don a auna ko yanayin zuciyarsu zai canza, ba tare da an tambaye su ba. Sai da aka wallafa sakamakon a 2014 duniya ta sani.

Mu kam ba sai an kai mu Amurka za a koya mana tsadar rashin izini ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kimanin 200, kuma 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi ta shari'a har zuwa sasantawar dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Kuɗi ya biya wani abu, amma yardar da ta zube ta daɗe ba a kwashe ta ba, har masu nazari da dama suna ambaton lamarin cikin dalilan ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Ɗalibin da aka koya wa cewa kowa na da damar cewa a'a, ko ya tashi a tsakiyar hira ba tare da ya ba da dalili ba, an koya masa abin da ya fi kowace manhajar zane daɗewa.

Na yarda da ƙorafi guda a nan. Idan kwamitin ɗa'a, wanda ke ba da izinin bincike a kan mutane, zai riƙe takarda wata biyu a zangon karatu mai wata huɗu, an kashe aikin. Mafita ita ce a sauƙaƙa hanyar ga ƙananan ayyukan aji, amma horon ya zauna daram.

Yanzu ga inda nake ganin akasarin ƙa'idojin suna da sassauci. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya shahara da cewa gwaji da mutum biyar na iya tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja. Ɗalibai sun riƙe lambar biyar, sun manta da tambayar su wane ne biyar ɗin. Sai ka ga an tattaro abokan ɗaki da 'yan aji, duk masu digiri a kwamfuta, duk masu saurin yatsa, a ce an yi gwaji. Cutar ba ta tsaya kan ɗalibai ba. Wani nazari da aka gabatar a 2021 a taron CHI, babban taron fannin na duniya, ya duba ayyukan da aka wallafa a taron daga 2016 zuwa 2020, ya gano kashi 73 cikin ɗari na sakamakon sun dogara ne kan mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Irin wannan giɓi na cikin abin da ya haifar da AfriCHI, taron fannin na Afirka, wanda aka fara a Nairobi a 2016.

Da ni ke rubuta dokokin kwas, da na sa layi guda: ba a karɓar gwajin da aka yi da 'yan sashenku kaɗai. Kwanakin baya a layin na'urar cire kuɗi, wata dattijuwa ta miƙo mini katinta, ta faɗa mini lambar sirrinta da ƙarfi kowa na ji, ta ce, "Ɗana, taimaka ka ciro mini dubu biyar." Ba ta san ni ba. Na'urar ce ta kai ta ga haka, da rubutunta na Turanci da gaggawar da take yi wa mutum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan baiwar Allah ta fi duk wani ɗan aji sanin inda na'urar ke yoyo. Haka wanda lambar tura kuɗi ke katse masa kafin ya gama kwafo lambar asusu daga takarda, da wanda fom ya ƙi karɓar sunansa don akwai ƙ ko ɗ a ciki.

Samun mutanen da suka dace ma bai raba ka da matsala ba. A 2012 Nicola Dell da abokan aikinta sun yi hira 450 a Bangalore ta Indiya, suka gano mutane sun fi zaɓar abin da suke zaton mai tambayar ne ya ƙera da kusan ninki biyu da rabi. Idan mai tambayar baƙo ne daga waje da ke magana ta bakin tafinta, abin ya kai ninki biyar. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da kara ya gane wannan tun kafin a gama faɗa. Ka nuna wa dattijo aikin hannunka ka ce ya ya gani, "Madalla, ya yi kyau" za ka ji, ko da bai gane komai ba. Don haka ya kamata a ba ɗalibi maki kan abin da ya ga hannun mutum na yi, inda ya tsaya, inda ya danna ba daidai ba, inda ya ɗago kai yana neman taimako. Rahoton da ke cewa dukkan waɗanda aka gwada sun ji daɗi, ni alamar tambaya zan sa masa.

Sauran dokokin ba sai an ja su ba. Ranar miƙa aiki da iyakar shafuka tarbiyya ce ta kowane kwas. Aikin rukuni kuwa ba ya rasa ci-ma-zaune, maganinsa kowa ya rubuta abin da ya yi, 'yan rukuni su tabbatar. Duba aikin juna, wanda kwas ɗin Joyner ke lissafawa cikin makin halarta, yana da amfani muddin an koya wa ɗalibai yadda ake suka, domin karar nan da ke hana dattijo magana tana hana ɗan aji ma.

Sai ƙirƙirarriyar basira. Matsayin Joyner shi ne ɗalibi ya ɗauke ta kamar abokin karatu: ku tattauna, ka koya, amma kada ka kwafo abin da ta rubuta ka liƙa a aikinka. Doka ce mai hankali, sai dai a wannan fanni akwai haɗarin da ya fi satar rubutu. Cikin minti guda manhaja za ta ƙago maka hira da "manomi ɗan shekara hamsin", da amsoshi masu tsari, babu tari, babu kukan akuya, babu inda ya ce bai gane tambayar ba. Wanda ya saci sakin layi ya cuci marubuci ɗaya. Wanda ya ƙago mutanen da bai taɓa gani ba, ya gina ƙira a kansu, ya cuci duk wanda zai riƙe abin nan gaba. Ya kamata takardar ƙa'idojin kwas ta bayyana wannan a matsayin ƙirƙirar bayanan bogi, ta kuma nemi ɗalibi ya miƙa rubutunsa na wurin hira da shaidar amincewar waɗanda ya zauna da su, bayan an goge sunayensu, malami kuma ya zaɓi hira ɗaya ya ce masa ya ba da labarinta da baki.