Kwamfuta mafi ƙarfi ba ita ce malamar chess ba

Wannan maganar da ake ta yi wai idan kana so ka iya chess to ka saita kwamfuta a matakin ƙarshe ka yi ta bugawa da ita, gaskiya ta fara isata. Na gane hujjarsu, a ganinsu gogayya da wanda ya fi ka ita ke ɗaga ka, kuma tsakanin mutane akwai gaskiya a ciki.

Amma kwamfuta daban ce. Tun 1997 wata kwamfuta mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran chess na duniya a lokacin, kuma manhajar chess ta yanzu mai suna Stockfish da kowa ke samu kyauta ta wuce nan nesa ba kusa ba, ko Magnus Carlsen, tsohon zakaran duniya da makinsa na gwaninta ya taɓa kaiwa 2882, ba ya ja da ita. To ina ga ɗan koyo? Cinye ka kawai za ta yi ba ka san inda ka kuskure ba, misali ka janye dokin da ke tsare sarkinka, shiru ba abin da ya faru, sai can bayan tafiya goma komai ya rushe, ita kuma ba ta ce maka uffan ba.

Gara ka rage matakin (a shafin buga chess na Lichess daga 1 ne zuwa 8) zuwa inda kana ci ana cin ka. In an gama wasa ka fara laluben kuskurenka da kanka, sannan ka kunna injin ya nuna maka. Sai dai ƙananan matakan ma suna da nasu halin, suna cikin buga mai kyau haka kawai su watsar da sarauniya, shi ya sa nake ganin a riƙa haɗawa da buga wasa da mutane.