Gardamar Fitilar Kyamara a Argungu

An tashi daga ɗaurin aure a Argungu, masu ɗaukar hoto biyu suka tsare Malamin Makaranta a gindin darbejiya, Baƙauye kuwa yana gefe yana cin goro.

Ɗan Birni: Malam, ka raba mana gardama. A kwalin fitilata an rubuta 197, a nasa kuwa 60 kacal, amma ya ƙi yarda cewa na ninka shi sau uku har da ɗoriya.

Tsohon Mai Hoto: Yaro, tun ba a yanke maka cibiya ba nake ɗaukar masunta a Matan Fada, kuma ban taɓa ganin kwali ya haska fuskar kowa ba.

Malam: Ku miƙo kwalayen. To, taka da ƙafa aka auna ta, yadda Amurkawa suke yi, tasa kuma da mita, alhali mita 60 ita ce ƙafa 197. Tun safe kuke tayar da jijiyar wuya a kan fitilu masu ƙarfi ɗaya.

Ɗan Birni: Amma tawa ta fi tsada, ranka ya daɗe.

Malam: Wannan tsakaninka da mai shago ne. Lambar nan nisa ce da aka ninka da lambar buɗin idon kyamara a ISO 100, wato ma'aunin saurin karɓar haske na kyamara, saboda haka idan ka saita buɗin a 4, haskenka zai kai mita 15. Shi ma sai an tattara hasken wuri ɗaya ta hanyar saita zuƙowar fitilar a milimita 200, domin da zarar ka baza shi don ya game dangin ango duka, lambar ta faɗi warwas, kuma ba kowane kamfani ke son ka lura da haka ba.

Baƙauye: Gafarta Malam, ni ma ina da tambaya. Me ya sa a kowane hoton biki Alhaji yake fitowa fes, ni kuwa sai haƙorana kaɗai ake gani?

Malam: Baba, Alhaji yana zaune a mita 2, kai kana tsaye a mita 4, kuma duk sa'ad da nisa ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne yake isowa.

Baƙauye: Ikon Allah! Ni na ɗauka fitilar ce ta san wanda zai biya kuɗin hoton.

Tsohon Mai Hoto: Fitilar ba ta sani ba, Baba, amma mai riƙe da ita ya sani.