Ruwa ba ya tsami banza: maganar bos a wasannin RPG

Jama'a, wannan magana ta matasanmu ce na Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas da suka fara gajiya da buga ƙwallo a gidan gem suka koma wasannin RPG (wasannin labari da kake zama jarumin ciki), da kuma waɗanda suka sauke manhajar haɗa wasa irin RPG Maker ko Godot a kwamfuta suna son haɗa nasu. Musun da aka fi yi a majalisa shi ne wane bos ya fi ƙarfi, wane ne ya fi wuyar kashewa. Wannan duk lissafi ne, mai haɗa wasa yana iya ƙara wa bos sifili biyu a jininsa cikin minti ɗaya. Abin da ke sa a riƙa tuna mugu bayan shekara ashirin shi ne dalilinsa, kuma a ganina dalilin ba ya kama zuciya sai ɗan wasa ya taɓa shi da hannunsa.

A fim ɗin Indiya bos yana da awa uku, kai kuma kana zaune kana kallo. A RPG kuna tare awa arba'in, wani lokaci har ɗari, kuma kai ne kake tafiya, kai kake buɗe ƙofa, kai kake zaɓar amsa. Wanda ya rubuta tarihin bos kamar na fim, ya tara shi wuri guda ya juye wa mai wasa, ya zubar da babbar damar da yake da ita.

Ku dubi yadda Final Fantasy VII na 1997 ya shigo da Sephiroth. An kulle ku a bene na kamfanin Shinra. Ka farka ka tarar da ƙofa a buɗe, masu gadi a mace, ga jini ya ja layi a ƙasa. Da ƙafarka za ka bi jinin nan hawa bayan hawa, har ka iske shugaban kamfanin kife a kan teburinsa, doguwar takobi a soke a bayansa. Har lokacin ba ka ga fuskar wanda ya yi aikin ba. Sai a garin Kalm a mayar da kai shekara biyar baya, a sa Sephiroth cikin tawagarka: Cloud, jarumin da kake sarrafawa, yana mataki na 1, shi yana na 50, kuma ba kai ke sarrafa shi ba. Kana gani zai gama da dodon da kai ko ƙwarzanarsa ba ka iya yi. Gaba kaɗan akwai ƙaton macijin fadama da ke shafe tawagarka idan ka tunkare shi, sai ka tsallaka ka tarar da irinsa an tsire shi a jikin bishiya. Gani ya kori ji. Kafin a ce maka ka ji tsoronsa, yatsunka sun riga sun auna tazarar da ke tsakaninku.

Shi kansa tarihin, abin da ya ba shi nauyi shi ne an gina shi a kan kuskure. Sephiroth ya shige ɗakin littattafai na ƙarƙashin gidan Shinra a Nibelheim ya yi kwanaki yana karatu, ya fito da yaƙinin cewa wata halitta mai suna Jenova ce uwarsa kuma shi jinin mutanen farko ne da aka ƙwace wa duniya. Alhali Lucrecia ce ta haife shi, Hojo ne ubansa, ƙwayoyin Jenova aka zuba masa tun yana ciki. Ya ƙone gari guda a kan bayanin da rabinsa ba daidai ba ne. An cuce shi da gaske, shi ma ya yi cuta da gaske, kuma wasan bai ce ɗaya ya goge ɗaya ba.

Amma idan ana maganar dalili mai ƙwari, ni Loghain na Dragon Age: Origins, wasan BioWare na 2009, nake sa wa a gaba. Ɗan talakawa ne da ya tashi lokacin da daular Orlais ke mulkin mallaka a ƙasarsa Ferelden. Ya yi yaƙin ƙwatar 'yanci tare da Maric, ya zama gwarzon ƙasa, 'yarsa Anora ta auri sarki Cailan. Da bala'in dodannin darkspawn ya taso, Cailan yana son a kira dakarun Orlais su taimaka. Ga Loghain wannan buɗe ƙofa ce ga waɗanda ya zubar da jini ya kora. A yaƙin Ostagar, kai ɗan wasa ne za ka hau hasumiyar Ishal da ƙyar ka kunna wutar alama domin Loghain ya kawo ɗauki. Ya ga wutar, ya ba da umarnin janyewa, ya bar sarki ya mutu a fili. Kai ka kunna wutar nan, shi ya sa cin amanar ke zama naka.

Ku lura da yadda tsoro guda ɗaya ke bayyana duk matakin da ya ɗauka. Ya ɗora wa Grey Wardens, ƙungiyar mayaƙan da kai kake ciki, laifi domin yana ganinsu 'yan koren Orlais. Ya sa aka ba basarake Arl Eamon guba domin shi ne mai iya haɗa kan manyan ƙasa a kansa. Da kuɗin yaƙi suka yi ƙaranci, ya yarda a sayar da talakawan jinsin elf na birnin Denerim ga masu fataucin bayi na daular Tevinter. Mutumin da ya yi suna da 'yantar da ƙasa ya koma sayar da 'yan ƙasar. A taron manyan ƙasa na Landsmeet, da hujjojin da ka tara da kanka za ka tsaya gabansa, sannan a bar maka zaɓi: ka kashe shi, ko ka sa shi cikin Grey Wardens, abokin tafiyarka Alistair kuma ya bar tawagarka. Mutane suna daɗewa riƙe da fad ɗin wasa a wannan wuri ba su danna komai ba, domin sun fahimci mutumin amma ba su yafe masa ba.

Daga nan za a ga sassan da dalilin mugu ke buƙata. Akwai abin da ya same shi. Akwai hukuncin da ya yanke wa duniya saboda abin. Akwai hanyar da ya zaɓa, sai kuma iyakar da ya ƙetare wadda mai hankali ba zai ƙetare ba. Yawancin sababbin marubuta suna rubuta na farko da na ƙarshe su tsallake na tsakiya. Matarsa ta mutu, saboda haka zai halaka duniya. Ina haɗin? Mutane nawa ne aka yi wa rasuwa ba su ƙona ko rumfa ba? Ketheric Thorm na Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023, rasuwa ce ta karya shi shi ma, amma an nuna matakan: matarsa Melodia ta rasu, 'yarsa Isobel ta bi ta, ya juya wa abar bautarsa Selûne baya ya koma bautar Shar, daga baya ya miƙa wuya ga wani abin bauta, Myrkul, wanda ya dawo masa da 'yar. Kowane mataki ciniki ne, kowane ciniki ya fi na baya tsada, ita kuma 'yar da aka yi komai dominta ta guje shi. Bayan ka kashe shi, idan ka duba jikinsa, za ka sami 'yar takardar ƙauna da ta rubuta masa.

Matakin da ya fi kowanne, kuma RPG kaɗai ke iya shi, shi ne dalilin bos ya zama makami a hannun ɗan wasa. A Fallout na 1997, bos ɗin, Master, yana son mayar da mutane ƙattin halittu da ake kira super mutant domin a daina bambanci da yaƙi. Idan ka samo rahoton binciken gawa daga Vree ta ƙungiyar Brotherhood of Steel, wanda ya nuna halittun nasa ba sa haihuwa, kuma jarumin da kake sarrafawa ya iya magana, za ka iya nuna masa cewa shirinsa ya mutu tun daga tushe. Shi da kansa zai tayar da bam ɗin maɓoyarsa. Haka Saren na Mass Effect na 2007: idan ka zuba maki isassu a lallashi ko tsoratarwa, kana iya sa ya gane Sovereign, halittar da yake yi wa aiki, ya riga ya mallaki tunaninsa. Mai haɗa wasa ya tambayi kansa: ina ramin da ke cikin hujjar bos ɗina, a wane ɗaki na ɓoye shaidarsa, kuma me zai canza idan ɗan wasa ya same ta?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kukan minti goma na ƙarshe. An yi awa talatin bos yana kisa ba bayani, jininsa ya kusa ƙarewa, sai a sako kiɗa mai taushi a nuno yarintarsa. Ba ya aiki, domin ɗan wasa ya riga ya yanke hukunci, kuma yana jin ana roƙonsa tausayi ne. Na biyu shi ne a ce ashe wani ne ke juya shi daga bayan labule, kamar Zemus da Golbez a Final Fantasy IV, ko a fito da sabon abokin gaba a faɗan ƙarshe kamar Necron a Final Fantasy IX. Da zarar ka ce ba da son ransa ya yi ba, ka kwashe nauyin duk abin da ya aikata, ƙiyayyar da ɗan wasa ya tara ta rasa inda za ta sauka.

Na uku ya shafe mu kai tsaye a Legas. Wanda ya je Computer Village a Ikeja aka loda masa wasa ba zai zauna ya cinye shi a mako guda ba. Awa ɗaya yau bayan an tashi kasuwa, gobe a ɗauke wuta ba man janareta, jibi cunkoson hanya ya cinye yammacin. Wanda ke biya da awa a shago kuwa tsallake bidiyon labari yake yi, ga rubutun da Turanci mai nauyi. Idan duk tarihin bos ɗinka yana cikin wasiƙu da littattafan da aka warwatsa a akwatuna, ka sani yawancin masu wasanka ba za su karanta ba. Duk gaskiyar da labarin ba zai tsaya ba sai da ita, ka faɗe ta ta hanya uku: a gan ta a wuri, a ji ta a bakin mutanen gari, sannan a ji ta a bakinsa. Baldur's Gate II na 2000 ya yi haka da Irenicus. A kurkukunsa na farkon wasa, cikin ƙazanta da kejin azaba, akwai ɗakin mace mai kyau da aka adana tsaf. Ba ka san Ellesime, tsohuwar masoyiyarsa, ba tukuna, amma ka san mutumin nan ya rasa wani abu yana ƙoƙarin tuna yadda ake jin sa.

Ba kuma kowane mugu ke buƙatar dogon tarihi ba. Kefka na Final Fantasy VI na 1994, wani mutum ne a birnin Vector yake faɗa maka cewa gwajin Magitek na farko, na zuba wa mutum sihiri, ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, shi ke nan. Sauran aikinsa ne ke magana: ya zuba guba a ruwan Doma, matar jarumi Cyan da ɗansa suka mutu. Gaunter O'Dimm na Hearts of Stone, ƙarin The Witcher 3 na 2015, ya fi kama da aljanin tatsuniya, ƙa'idar cinikinsa ake bukatar sani, asalinsa kuwa da an bayyana da tsoron ya ragu. Sai dai irin wannan yana son a sa masa ɗan'adam a gefe wanda za a ji ciwonsa, kamar Olgierd, mutumin da ya ƙulla ciniki da shi.

Ga mai son gwadawa, a ce wasanka na awa goma ne, bos ɗinka sarkin ruwa ne na wani gari a bakin lagun. Shekaru da suka wuce ya buɗe mashigi ga baƙi masu gudun hijira, annoba ta shigo tare da su ta kwashe gidansa. Hukuncinsa: tausayi ne ya kashe garin. Hanyarsa: rufe duk mashigi. Iyakar da ya ƙetare: nutsar da kwale-kwale da mutane a ciki. A awa ta farko ɗan wasa ya ga tarkacen kwale-kwale da takalmin yaro a gaɓa, kada a ambaci annoba. Wajen awa ta uku ya ratsa unguwar da aka rufe gidajenta da katako, tsofaffi suna sa wa sarkin albarka domin shi ya tsayar da cutar. A ta biyar su haɗu ba faɗa, ya faɗi hujjarsa da natsuwa, kuma ka ba shi hujjar da kai kanka za ka sha wuyar rushewa. A ta bakwai ka ajiye shaidar cewa daga rijiyar garin cutar ta fito, a wurin da sai mai bincike zai kai. Faɗan ƙarshe ya kasance iri biyu, ɗaya ga wanda ya zo da shaidar, ɗaya ga wanda ya zo da takobi kawai. Kafin ka saki wasan, ka ba mutum biyar su buga, ka tsayar da kowannensu a awa ta shida ka tambaye shi me sarkin ruwa yake so kuma don me. Idan uku daga ciki suka kasa amsawa a jimla ɗaya, ka koma awa ta uku ka gyara unguwar nan.