Pancho Vladigerov: Komawa gida ta rage masa suna, amma ba ta rage masa daraja ba

A Sofiya, babban birnin Bulgeriya, babbar makarantar koyar da kiɗa ta ƙasa tana ɗauke da sunan mai tsara kiɗa Pancho Vladigerov, gidan da ya zauna a ciki ya zama gidan tarihi, kuma a garin Shumen ana shirya gasar makaɗan fiyano da gogen Turawa domin tunawa da shi. Sai dai da zarar an tsallake iyakar ƙasar, da wuya a ji sunansa a manyan zaurukan kiɗa na Landan ko Faris, alhali a shekarun 1920 ana buga ayyukansa a Biyana, ana kuma kaɗa su a biranen Turai da dama. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaida cewa bai kai sahun manya ba. Ni ban yarda ba, domin a ganina wurin da ya zaɓi ya zauna da zamanin da ya riske shi ne suka rufe sunansa.

An haife shi a Zurich ta ƙasar Suwizalan ranar 13 ga Maris, 1899, tare da ɗan tagwayensa Lyuben wanda ya zama gwanin goge, amma a Shumen suka tashi. Mahaifinsu lauya ne, mahaifiyarsu Eliza Pasternak kuwa likita ce, Bayahudiya 'yar asalin Rasha. Mahaifin ya rasu a 1908, a 1910 kuma iyalin suka koma Sofiya, inda Pancho ya fara koyon tsara kiɗa a wurin Dobri Hristov, sannan a 1912 aka kai tagwayen Berlin da tallafin gwamnati. A can ya lashe kyautar Mendelssohn har sau biyu, a 1918 da 1920, kuma daga 1920 zuwa 1932 ya yi aiki da Max Reinhardt, wanda a lokacin babu kamarsa a harkar wasan kwaikwayo a Jamus, yana tsara masa kiɗan wasanninsa. Ke nan tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya samu abin da takwarorinsa ke nema ruwa a jallo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya yi da wannan ilimin. Kiɗan Turai ta Yamma ya saba da awo mai daidaito, wato bugu biyu-biyu, uku-uku ko huɗu-huɗu, yayin da rawar ƙauyukan Bulgeriya ke tafiya a kan awon da sassansa ba su kai juna ba. Rawar da suke kira rachenitsa, alal misali, bugu bakwai ce da aka kasa biyu, biyu, uku. Idan mutum ya tafa hannu yana ƙirga ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, zai ji taku na ƙarshe ya ɗan ja, kamar mai tafiya yana ɗingishi da gangan. Ɗalibin da ya sha karatun Berlin zai iya ganin wannan a matsayin karkata da ya kamata a miƙe. Vladigerov bai miƙe ta ba, ya ɗora mata nauyin babbar ƙungiyar makaɗa kamar yadda take, ya bar makaɗan da suka saba da daidaito su koyi takun manoma.

Aikinsa da ya fi shahara, Vardar, wanda ya rubuta wa goge da fiyano a 1922 kuma ya faɗaɗa shi ga cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a 1928, yana tafiya ne a kan awo mai bugu biyar. Akwai wani abin mamaki a tarihinsa: karin da ya gina aikin a kansa, wanda ya ɗauka waƙar gargajiya ce, ashe malaminsa na farko Dobri Hristov ne ya tsara shi, ya shiga bakin jama'a har asalinsa ya ɓace. Masu cewa Vladigerov ya sanya wa waƙar ƙauye tufafin Jamusawa ne kawai ya kamata su tsaya a kan wannan, domin ya nuna cewa a ƙasar da ta fita daga mulkin Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1878, abin da ake kira gargajiya da abin da masu ilimin zamani ke tsarawa tuni suka cuɗanya.

A 1932 ya tattara ya koma Sofiya ya karɓi aikin koyarwa. Ba zan ce kishin ƙasa ne kaɗai ya mayar da shi ba, tun da 'yan watanni bayan haka Hitler ya hau mulki, Reinhardt ya bar Jamus, kuma ɗan Bayahudiya ba shi da makoma a Berlin. Duk da haka yana iya bin sahun waɗanda suka nufi Amurka, inda kuɗi da kamfanonin faifai suke. Ya zaɓi ƙaramar ƙasar da bayan 1944 ta faɗa ɓangaren kwaminisanci, hulɗarta da Yammacin Turai ta yi rauni ƙwarai, ya kuma shafe kusan shekara arba'in yana koyar da fiyano da tsara kiɗa. Ta hannunsa masu tsara kiɗa Alexander Raichev da Vasil Kazandjiev suka bi, haka ma makaɗin fiyano Alexis Weissenberg, wanda ya fara karatu a wurinsa tun yana yaro, ya fita waje ya yi suna a duniya fiye da malaminsa.

Akwai suka guda biyu da ba za a kawar da kai daga gare su ba. Na farko, salonsa bai sauya sosai ba. Yayin da masu tsara kiɗa irin su Schoenberg da Stravinsky ke rushe tsoffin ƙa'idoji, shi ya ci gaba da rubuta kiɗa mai cika kunne irin na ƙarshen ƙarni na 19, har wani lokacin adon yakan yi yawa. Wannan gaskiya ne, amma haka takwaransa ɗan Rasha Rachmaninov ya yi, kuma ba a daina kaɗa ayyukansa ba. Na biyu, ya zauna lafiya da gwamnatin kwaminisanci, ya karɓi lambobin yabonta. A nan ma yana da kyau a lura cewa ɗaya daga cikin ayyukan da suka jawo masa lambar Dimitrov ta wannan gwamnatin shi ne wanda ya kammala a 1951 a kan wani karin Yahudawa da ya ji daga kakansa Leon Pasternak, a daidai lokacin da Stalin ke gallaza wa marubuta da masu fasaha Yahudawa a Tarayyar Sobiyet.

Ya rasu a Sofiya ranar 8 ga Satumba, 1978, shekara goma bayan an ba shi kyautar Herder a Biyana, ya bar manyan ayyuka biyar na fiyano tare da ƙungiyar makaɗa, biyu na goge, da wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Tsar Kaloyan. Faifan da ɗansa Alexander ya jagoranci naɗarsu tare da makaɗan gidan rediyon Bulgeriya sun daɗe ba sa isa hannun mutanen waje, sai daga 2020 kamfanin Capriccio ya sake fitar da su. Yanzu uzurin rashin samun kiɗan ya kau, kuma abin da ya rage shi ne masu tsara jadawalin zaurukan Turai, waɗanda kowace shekara suke maimaita sunaye goma sha da suka saba da su, su ba aikinsa na uku na fiyano dare ɗaya tak a gaban masu sauraro.