A bar 'ya'yan Zango su koyi jinya

Kwana goma sha tara Mma ta yi a gadon asibiti nan Kumasi bayan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Likita yakan zagayo da safe, ya duba, ya wuce wajen wasu. Wadda ke tare da mu dare da rana wata yarinya ce 'yar Aboabo, mataimakiyar nas. Ita ke auna jini da zafin jiki ta rubuta. Duk bayan awa 2 sai ta zo ta juya Mma, ta cusa filo a bayanta da tsakanin gwiwoyinta. Na tambaye ta dalili, ta ce wanda ba ya motsi, nauyin jikinsa kan danne fatar ƙugu da diddige har jini ya daina zagayawa, daga nan gyambo ya ɓarke. Mun fito ba ko ƙwarzane a jikin Mma.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ranar da na ɗauko koko zan ba Mma tana kwance. Yarinyar ta riƙe hannuna: "Yaya, tsaya mu ɗaga ta zaune. Maƙogwaronta bai dawo daidai ba, in ta ƙware huhu zai tafi." Ta sunkuya ta ce, "Mma, sannu, kaɗan-kaɗan za mu sha." Tsohuwar da ba ta jin Turanci, Twi ɗinta ma na kasuwa ne, ta ji Hausa a kunnenta, sai hawaye. In za ta goge mata jiki sai ta ja labule, ta rufe ta da zane, ta fara da dama. Ba wanda ya ce mata haka ake yi wa Hajiya. A gida ta taso da shi.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa aikin kwashe kashi ne, wai 'yar mutunci ba ta yin sa. E, akwai ɗaukar fo, akwai canza famfas. To wa muke so ya yi wa iyayenmu? Mu ne masu ƙorafin namiji ya taɓa matanmu a asibiti, mu ne kuma masu hana 'yan mata karatun. Samari ma da buƙatarsu, don dattijo ya fi sakin jiki da namiji ɗan'uwansa.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Wanda ya ci WASSCE, jarrabawar gama sakandare, zai iya neman kwas ɗin Nurse Assistant Clinical, wato karatun mataimakin nas, shekara 2, sannan ya zauna jarrabawar lasisi ta Nursing and Midwifery Council, hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma a Ghana. Iyaye, don Allah kafin ku biya sidi ɗaya, ku tabbatar hukumar nan ta amince da makarantar, don takardar da ba lasisi ba za ta kai yaro aiki a manyan asibitoci irin Komfo Anokye ko Korle Bu ba. Na san jiran gwamnati ta tura mutum aiki yana ɗaukar lokaci, kuma albashin bai kai wahalar ba. Duk da haka ƙanwata za ta gama sakandare bana, na riga na zauna da Baba kan maganar, ya ce Allah ya sa albarka.