Mai sharhin kayan gem: ka auna da zurfi, ka faɗa mana da sauƙi

Wanda ya shafe wata shida yana tara kuɗin katin hoto na kwamfutarsa (sashen da ke zana hotunan wasa a allo), ko wayar da za ta ɗauki wasan harbi na PUBG, tambayarsa ɗaya ce: idan na saya, wasan zai tafi sumul ko zai riƙa cijewa? Sai ya buɗe bidiyon sharhi, a yi minti ashirin ana jero masa jadawali da sunayen sassan da bai taɓa ji ba. Ya rufe, bai san na saye ba.

Saboda haka ne wasu ke cewa a zubar da alƙaluma, mai sharhi ya ce "yana da kyau" kawai. Ban yarda ba, kuma ina da hujja.

A 2014 Nvidia, kamfanin da ke ƙera katin hoto, ta fitar da katin GTX 970, a jikin kwali an rubuta ƙwaƙwalwarsa giga 4 ce. Farkon 2015 masu bin diddigi suka gano giga 3.5 ne ke gudu yadda ya kamata, sauran rabin gigan jan ƙafa yake yi, kuma da wasa ya taɓo shi sai cijewa ta fara. Maganar ta kai kotu a Amurka, a 2016 kamfanin ya amince ya biya masu saye dala 30 kan kowane kati. Da kowa ya tsaya a "yana da kyau", wa zai tono wannan?

Mu ma abin ya iske mu. Shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ka ga kwalaye an rubuta RAM 8+8 (RAM ita ce ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da aiki da ita). Takwas ɗin na biyu aro ne daga ma'adanar wayar, kuma bai kama ƙafar na asali ba wajen sauri. Jimla ɗaya ta isa a bayyana wannan, amma sai wanda ya san cikin na'ura zai iya faɗin ta.

Zurfin wurin gwaji ake buƙatarsa. Cewa wasa na ba da hoto 60 a daƙiƙa bai wadatar ba, domin matsakaici ne. A gaya mini ina adadin yake faɗowa lokacin da harbi ya kaure, don a nan ake kashe ɗan wasa. Gwajin minti biyar cikin ɗaki mai sanyi ma ba ya yi wa ɗan Kano ko Maraɗi amfani a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Waya idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. A buga rabin awa tukuna, sannan a auna.

A wurin bayani kuwa, sai a fara da hukunci: ga wanda ya dace ya saya, ga wanda zai yi asarar kuɗinsa, ga abin da kuɗin nan zai saya a wani wuri. A gwada a allon 1080p (ma'aunin kaifin hoton allo ne), wanda ƙididdigar Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ke nuna shi ne aka fi wasa a kai. Jadawalin kuma ya biyo baya, mai son dubawa ya duba.