Ku ɗaga kai ku kalli sama mana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk lokacin da aka sa labarin sararin samaniya a Facebook sai ka ga wani ya yi wuf ya rubuta "ƙaryar Turawa ce" ya wuce, ko karantawa bai yi ba. Mu ji tsoron Allah jama'a, ƙaryata abin da ba ka da ilimi a kai shi ma fa magana ce da za a tambaye ka.

Akwai wata duniya da masana suka gano a 2004, suna kiranta Gliese 436 b, girmanta ya yi kusa da na Neftun, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya ranarmu, ita kuwa Neftun faɗinta ya ninka na wannan ƙasa tamu kusan sau 4. Ba ranarmu take zagayawa ba, tauraronta daban ne, haskensa sai ya yi shekara sama da 30 a hanya kafin ya iso mu. Neftun sai ta shekara kusan 165 take kammala zagayen rana sau ɗaya, amma ita wannan ko kwana 3 ba ta cikawa ta gama nata, ta matso jikin tauraron sosai har zafi yana kwashe iskar da ta lulluɓe ta, iskar na bin ta a baya kamar jela, na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya ce ta nuna haka. Subhanallah.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ake gano irinsu, don yawanci ba ganinsu ake da ido ba. Tauraron ake sa wa ido dare da rana, idan duniyar ta gifta ta gabansa sai haskensa ya ɗan ragu, ragin da sau da yawa ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba, kamar sauro ya gifta gaban fitilar mota kana hangenta daga nesa, sai a jira ya sake raguwa a kan lokaci, daga nan a lissafa girmanta da kwanakin zagayenta. Ta haka na'urar Kepler da aka harba a 2009 ta gano duniyoyi sama da 2,600. Wata ma, HAT-P-11b, a 2014 aka gano tururin ruwa a iskarta. Ita kanta Neftun a 1846 lissafi ne ya nuna inda take kafin a hango ta daga birnin Balin na Jamus.

To ɗan uwa, mutanen nan daga 'yar alama suka yarda da abin da ba su gani ba, kai kuma alamomi sun cika maka ido kana sallah biyar amma yaushe rabonka da ka tsaya ka yi tafakkuri? Sai ɗaga kai saboda ka yi sabon gida ko an ƙara maka matsayi a ofis, gaisuwar maƙwabci ma ta zama aiki.

Allah Ya yabi masu hankali a ƙarshen Suratu Ali Imran, masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa suna cewa "Rabbana ma khalaƙta haza baɗilan". Ibn Abbas ya ruwaito cewa ya kwana a ɗakin Maimuna 'yar uwar mahaifiyarsa, ya ga Manzon Allah (SAW) ya tashi cikin dare ya dubi sama ya karanta waɗannan ayoyin, sannan ya yi alwala ya ta da sallah.